HAYAƘIN MOTA: ABIN DA YAKE NUNA MA MAI LURA

Ranar kasuwa, idan motoci suka taso daga tasha, wasu suna barin hayaƙi a bayansu kamar an sa ma daji wuta. Mutane sun saba gani, har ba su kula. Amma ruwa ba ya tsami banza. Inji mai lahiya, idan ya yi zahi, da ƙyar ake ganin hayaƙinshi. Duk hayaƙin da ya yi kauri har ido ya gan shi, akwai abin da ya kawo shi.

A ƙauye, sau da yawa mota guda ce ke ɗauke da gari duka. Ita ke kai hatsi da albasa kasuwa. Ita ke kai maras lahiya da mai naƙuda likita. Kuma yawancin motocin nan tsohi ne. Peugeot 404 ta hwara hitowa a Faransa a shekarar 1960. Peugeot 504 ta biyo baya a 1968. Daga 1975 aka hwara haɗa motocin Peugeot a Kaduna. An daɗe da daina ƙera waɗannan iri biyu, amma wasunsu suna nan suna aiki. Motocin Toyota da suka maye gurbinsu, su ma da yawa sai da suka tsuhwa a wata ƙasa kahin su iso.

Ga inda maganar take. Motoci biyu suna iya yin hayaƙi iri ɗaya. Ta hwarko ƴan robobi ƙanana kawai take so. Ta biyu sai an sauke inji an buɗe shi duka. Wanda bai san bambancin ba yana iya saida sa ko buhunan wake, ya biya babban aiki, alhali ƙaramin aiki ya isa. Wani kuma ya biya ƙaramin aiki, hayaƙi bai tsaya ba. Shi ya sa ya kamata mai mota, da direba, da yaron mota, da ƴan ƙungiyar da suka haɗa kuɗi suka sayi mota, su iya karanta hayaƙi.

YADDA INJI KE AIKI

Cikin inji akwai ramuka da ake ce ma silinda. Yawancin ƙananan motoci silinda 4 gare su. Cikin kowace silinda akwai piston, yana hawa yana sauka kamar taɓarya cikin turmi. A saman silinda akwai kan inji, wanda kanikawa ke ce ma kilas. Cikin kilas akwai ƴan ƙohohi masu buɗewa da ruhewa. Sunansu bawul, a garaji kuma ana ce musu supap.

Aikin yana tahiya hawa huɗu:

1. Piston ya sauka. Bawul na shiga ya buɗe. Silinda ta shaƙi iska da esansi.
2. Piston ya hau. Bawul duka a ruhe. An matse iska da esansi.
3. Buji ya ba da wuta. Esansi ya kama. Ƙarhin wutar ya tura piston ƙasa.
4. Piston ya sake hawa. Bawul na hita ya buɗe. Hayaƙi ya bi salansa ya hita.

Inji yana amhwani da abubuwa huɗu: esansi, iska, baƙin mai da ruwa. Biyu kaɗai ke da izinin shiga ɗakin wuta, wato esansi da iska. Baƙin mai aikinshi sa ƙarhe ya yi santsi. Ruwa aikinshi sanyaya inji. Kowane da hanyarshi. Idan ɗaya ya bar hanyarshi, ko ya wuce mudunshi, launin hayaƙi zai tona shi.

BAƘIN HAYAƘI

Baƙin hayaƙi yana nuna esansi ya yi yawa, iska ta yi kaɗan. Kamar murhu ne da aka cika ma icce har iska ba ta shiga. Motar tana shan esansi da yawa. Bakin salansa yana yin baƙi ƙirin, busasshe, kamar gindin tukunya.

Abu na hwarko da za a duba shi ne matatar iska. Hanyoyin ƙauye ƙura gare su, balle lokacin hunturu. Matata tana toshewa da wuri. A cire ta a kakkaɓe, idan ta gaji a sake wata. Kada a yi tahiya babu ita, don ƙura tana cin cikin inji kamar yadda yashi ke cin ƙwarya. Idan matata lahiya take, a duba karbirater. A tsohin motoci akwai abin da ake ja da sahe don inji ya tashi da sauƙi. Idan aka mance ba a maida shi ba, shi ma yana kawo baƙin hayaƙi. A injin gazuwal kuma, laihin yana iya zama na bakunan da ke hesa mai, ko na lodin da ya hi ƙarhin mota.

HWARIN HAYAƘI

Hwarin hayaƙi iri biyu ne. Da sanyin sahe ana ganin wani hwari-hwari maras kauri, yana ɓacewa nan da nan. Wannan tururi ne, ba ciwo ba ne. Duk lita guda ta esansi da ta ƙone tana haihwar da ruwa kusan lita guda. Idan salansa ta yi zahi, ba a ƙara ganin shi.

Amma idan inji ya yi zahi, hwarin hayaƙi mai kauri yana ta hita, to ruwa na shiga ɗakin wuta. Tsakanin kilas da jikin inji akwai wata shimhiɗa mai hana yoyo. Kanikawa suna ce mata juwan kilas. Idan inji ya taɓa tahwasa, tana iya ƙonewa. Ga alamunta:

- Ruwan radiyater yana raguwa, ba a ga inda yake zuba ba.
- Ana ganin kumhwa tana tasowa cikin ruwan idan inji na aiki.
- Baƙin mai ya canza kama, ya zama kamar shayi da madara.
- Inji yana saurin yin zahi.

Motar da ke haka ba a ci gaba da aiki da ita. Kuma a kiyaye: ba a buɗe marhin radiyater inji yana da zahi. Ruwan yana tsalle ya ƙone huska da hannu.

A injin gazuwal akwai wani hwarin hayaƙi mai yaji a ido. Shi gazuwal ne da bai ƙone ba.

SHUƊIN HAYAƘI

Shuɗin hayaƙi, ko mai ruwan toka da shuɗi-shuɗi, baƙin mai ne ke ƙonewa. Warinshi daban yake, kamar man da ya zuba kan garwashi. Idan aka sa yatsa a bakin salansa bayan ta huce, za a ji maiƙo.

A ƙananan babura da ake haɗa ma esansi da mai wuri guda, shuɗin hayaƙi ba laihi ba ne. Haka aka ƙera su. A mota kuwa, alama ce ta yoyo a cikin inji.

Baƙin mai yana da manyan hanyoyi biyu na shiga ɗakin wuta. Yana iya saukowa daga sama, ta wajen bawul. Yana iya hawowa daga ƙasa, ta gehen piston, idan zobban piston sun cinye. Ta sama gyaranta da sauƙi. Ta ƙasa gyaranta da tsada.

Kahin a zargi ko ɗaya, a duba abubuwa biyu masu sauƙi. Na ɗaya, ko an cika baƙin mai ya wuce alamar sama. Na biyu, ƴar tiyon da inji ke numhwashi da ita, ko ta toshe. Waɗannan ma suna kawo shuɗin hayaƙi, kuma gyaransu ba ya cin kuɗi sosai. Motar da ke da turbo, shi ma a duba shi.

ROBAR BAWUL

Bawul kamar babbar ƙusa yake, mai hwaɗin kai da doguwar ƙahwa. Kan shi ne ke toshe ƙohwa. Ƙahwar tana kai da komo cikin wani ɗan bututun ƙarhe da ke cikin kilas. A can sama, pampon inji yana watsa baƙin mai don ƙarahunan da ke danna bawul su yi santsi. Ke nan ƙahwar bawul kullum cikin mai take.

Don kada man ya bi ƙahwar ya gangara, an sa ma bakin bututun wata ƴar hular roba. Girmanta bai wuce kan yatsa ba. Da yawa suna da ɗan zoben waya mai matse bakinsu. Wannan roba ba ta hana mai duka. Tana barin ɗan kaɗan, daidai abin da zai hana ƙarhe cin ƙarhe. Sauran ta share shi ya koma.

Aikinta ba kaɗan ba ne. Idan inji yana juyawa sau 3000 a minti guda, kowane bawul yana buɗewa sau 1500. Wato sau 25 kahin a ƙirga daƙiƙa ɗaya. Injin 404 da na 504 masu esansi bawul 8 gare su, biyu a kowace silinda. Motoci da yawa na baya-bayan nan bawul 16 gare su.

Roba ba ta son zahi. Shekara da shekaru tana cikin zahin inji, sai ta bushe. Ta yi tauri kamar tsohuwar hwatar guga da aka bari a rana. Daga nan ta tsage, ko bakinta ya saki. Abubuwa uku ke sa ta mutu da wuri: inji ya riƙa tahwasa, a daɗe ba a juye baƙin mai ba, ko mota ta daɗe a ajiye ba a tada ta.

YADDA AKE GANE ROBA CE KO ZOBE

Launin hayaƙin ɗaya ne. Abin da ke raba su shi ne lokacin da yake hitowa. Gwajin yana son mutum biyu: ɗaya a cikin mota, ɗaya a baya yana kallon salansa. A yi shi a hili, inda iska ke kaɗawa.

Gwaji na 1: tashin sahe. A bar mota ta kwana. Da dare, man da ya rage a sama yana ɗiga ta tsagar roba, yana taruwa. Da an tada inji, sai ya ƙone gaba ɗaya. Za a ga shuɗin hayaƙi ya yi gajimare, bayan ɗan lokaci kaɗan ya ɗauke. Wannan alamar roba ce.

Gwaji na 2: tsayuwa. Idan inji ya yi zahi, a bar shi yana aiki a hankali, ba a taka totur ba, kamar minti 5 zuwa 10. Sannan a taka. Idan hayaƙi ya yi tsalle sau ɗaya, sannan ya lahwa, nan ma roba ce.

Gwaji na 3: gangara. Direbobin da ke bin tuddan Adar, wajen Keita da Buza, sun san wannan. Mota tana gangarowa cikin giya, direba ya ɗauke ƙahwa daga totur. Da ya iso ƙasa ya sake takawa, sai shuɗin hayaƙi ya turnuƙe a baya. Dalili shi ne, idan an ɗauke ƙahwa, ƙohwar iska tana ruhewa, amma piston bai daina zuƙa ba. Kamar mai zuƙar ruwa ne da kara, aka toshe mishi bakin karan. Duk inda akwai ƴar huda, ta nan zai jawo. Haka inji ke jawo baƙin mai ta tsagaggiyar roba. Wannan gwaji ya hi nunawa a injin esansi.

Zobban piston kuwa halinsu daban. Hayaƙinsu ba ya ɗaukewa. Yana ƙaruwa idan mota ta ɗauki kaya, ko tana hawan tudu, ko tana cikin rairayi. Motar ba ta da ƙarhi kamar da. Idan aka buɗe marhin zuba baƙin mai inji yana aiki, za a ga hayaƙi yana hurowa da ƙarhi, kamar zugazugin maƙeri.

A taƙaice: roba tana hayaƙi bayan hutu, zobe yana hayaƙi cikin aiki.

Buji ma yana ba da shaida. A kwance su ɗaya bayan ɗaya, a jera su yadda suke a inji. Mai lahiya bakinshi ruwan ƙasa ne, busasshe. Baƙi busasshe, esansi ne ya yi yawa. Baƙi mai maiƙo, ko mai dasƙararriyar toka, baƙin mai ne. Da haka ake sanin silindar da ke da ciwo.

GWAJIN BAKANIKE

Akwai wani agogo da ake ɗaura ma ramin buji, yana auna ƙarhin matsar silinda. Kahin mai mota ya yarda a sauke mishi inji, ya nemi a yi wannan awo a gabanshi, ya rubuta lambar kowace silinda.

Idan lambobin huɗu suna da kyau, kuma sun yi kusa da juna, bambancinsu bai wuce kamar kashi 10 cikin 100 ba, to zobban da ke riƙe matsa ba su mutu ba. Robar bawul ba ta rage ƙarhin matsa. Mota mai shuɗin hayaƙi da sahe, mai ƙarhi a hanya, mai kyakkyawan awo, robarta za a hwara nema.

Idan wata silinda ta yi ƙasa, a zuba mata baƙin mai cokali guda ta ramin buji, a sake aunawa. Idan lambar ta hau sosai, zobe ne, don man ya toshe gehen piston na ɗan lokaci. Idan ba ta motsa ba, to bawul ne ba ya ruhewa da kyau, ko juwan kilas ta ƙone.

A tsohuwar mota ƙwarai, ana iya samun ciwon biyu tare. Bakanike na kirki zai hwaɗi haka tun kahin ya kama aiki.

AMHWANIN RUBUTU

Wanda ya shiga ajin yaƙi da jahilci yana da makamin da wasu direbobi ba su da shi. Ya sami ɗan littahi ya ajiye cikin mota. Kowace sahiya, mota tana tsaye wuri mai daidai, inji da sanyi, ya zaro sandar awon mai, ya goge, ya maida, ya sake zarowa. A motoci da yawa, tsakanin alamar ƙasa da ta sama kusan lita guda ce. Duk ranar da ya ƙara mai, ya rubuta kwanan wata, da lambar kilomita, da yawan abin da ya zuba.

Daga Yamai zuwa Damagaram kusan kilomita 900 ne. Motar da ke shanye lita guda ta baƙin mai a irin wannan tahiya ta kai a duba ta. Amma a tabbata ba zuba yake yi ba. A shimhiɗa kwali ƙarƙashin inji da dare. Idan da sahe kwali ya jiƙe, yoyon waje ne. Idan kwali a bushe yake, mai kuma yana raguwa, to ƙonewa yake.

YADDA AKE GYARA

Robobin ba su da tsada. Aikin sa su ne ke son gwani. Hanya biyu ce.

Ta hwarko, a cire kilas duka. Wannan ya hi cin lokaci da kuɗi, amma ana ganin komi. Ana kankare dauɗar da ta dasƙare, ana gyara zaman bawul. Idan an cire kilas, dole a sa sabuwar juwan. Tsohuwa ba ta komawa.

Ta biyu, a bar kilas a wurinta. Abin tsoro a nan guda ne: idan aka cire wayar da ke riƙe da bawul, yana iya hwaɗawa cikin silinda. Garajin da ke da injin iska yana hura iska ta ramin buji, ta riƙe shi. Inda babu, ana aiki da igiya. A cire wayar batir. A juya inji da hannu har bawul biyu na silindar su ruhe, piston yana kan hawowa. A zura igiya mai laushi, mai tsabta, ta ramin buji, a bar wutsiyarta a waje. A ƙara juya inji da hannu a hankali, har piston ya danne igiyar a ƙarƙashin bawul. Yanzu ba ya hwaɗuwa. Idan an gama, a juya baya a zare igiya.

Ga abin da mai mota zai sa ma ido:

- Kahin a sa sabuwar roba, a girgiza ƙahwar bawul. Idan tana rawa sosai, bututun ne ya cinye. Sabuwar roba ba za ta daɗe ba sai an gyara shi.
- A sake robobin duka. Tare suka tsuhwa.
- A wasu injuna, ta bawul na shiga daban take da ta bawul na hita. Kada a musanya.
- A shahwa ma sabuwar roba mai kahin a sa ta. Kada kaihin ƙarhe ya yanke bakinta.
- Akwai ƴan makullai biyu a kan kowane bawul, ƙanana kamar ɓarin gyaɗa. A toshe ramukan komawar mai da tsumma, kada ɗaya ya hwaɗa cikin inji.
- Mai mota ya ce a nuna mishi tsohin robobin.

Bayan gyara, hayaƙi yana iya ɗan ci gaba, har man da ya maƙale cikin salansa ya ƙone. Daga nan ya ɗauke.

Wasu suna zuba mai mai kauri, ko maganin kwalba, don hayaƙi ya ragu. Wannan ruhin ido ne. Robar da ta tsage ba ta haɗewa. Wasu kuma suna ƙara tsohon man da aka juye daga wata mota. Araha ba ta ado: man nan cike yake da dauɗa.

IDAN AKA ƘYALE

Robar bawul ba ta kashe inji rana guda. Motar tana iya aiki da ita wata da watanni, muddin ana duba mai kullum. Amma buji zai riƙa mutuwa. Dauɗa za ta taru kan bawul da piston. Kuɗin baƙin mai zai riƙa cin ribar mota. Babban haɗari shi ne ranar da aka mance ba a duba ba, mai ya ƙare a tsakiyar daji. Ranar nan inji ne duka zai tahi.

Akwai kuma lahiyar mutane. Cikin hayaƙin mota akwai wata guba da ba ta da launi, ba ta da wari. Tana sa ciwon kai da jiri da barci, tana kuma kisa. Ba a barin inji yana aiki cikin ɗaki ko rumhwar da ke ruhe. Motar da salansarta ta huje, a gyara ta kahin a ɗauki mutane, balle yara da masu ciki da ke zaune a baya. Man da aka juye kuma, kada a zubar da shi kusa da rijiya ko cikin garka.

GA MAI SON SAYEN TSOHUWAR MOTA

Ya je da sassahe. Ya taɓa inji da hannu, ya ji da sanyi. Idan ya iske an riga an ɗumama shi, ya dawo gobe. Ya tsaya a baya lokacin da za a tada ta. Ya duba launin baƙin mai da ruwan radiyater. Ya nemi a hau tudu da ita, a kuma gangara. Wannan shawara ta shahi injin niƙa da injin ban ruwa, don su ma launin hayaƙinsu magana ɗaya yake yi.

ABIN DA ZA A RIƘE

Baƙin hayaƙi: esansi ya yi yawa, iska ta yi kaɗan.
Hwarin hayaƙi mai kauri: ruwa na shiga ɗakin wuta.
Shuɗin hayaƙi da sahe, ko bayan tsayuwa, ko bayan gangara: robar bawul.
Shuɗin hayaƙi cikin lodi da hawan tudu: zobban piston.
Kahin a sauke inji: a auna, a rubuta.

TAMBAYOYI DOMIN AJI

1. Waɗanne abubuwa biyu ne ke da izinin shiga ɗakin wuta?
2. Me ya sa robar bawul ke hayaƙi da sahe?
3. Wani direba ya ƙara baƙin mai lita 3 cikin kilomita 1500. Kilomita nawa lita guda ke kai shi?
4. Motar da ke zuwa garinku ranar kasuwa, wane irin hayaƙi take yi, kuma a wane lokaci?